Wankan Jego a Hawa na Sha Tara

Tun da na dawo bakina bai huta ba. Wadda ta shigo sayen atamfa sai ta gyara zama ta ce, "Hajiya, yaya Malesiya?" Wadda ta zo yi mini sannu da zuwa ma tambayar ke nan, kuma in na ce lafiya lau ba a yarda, sai an ce in faro daga farko. To ga shi na zauna zan faɗa sau ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in sha ruwa. Kuma tun yanzu in gaya muku, ba labarin dogayen benaye za ku ji ba. Wankan jego na je, na kusa jawo a kori 'yata da mijinta da jaririyarsu daga gidan da suke haya, a ƙasar da ba su da kowa.

'Yata Rukayya ce ta haihu, haihuwar fari. Mijinta yana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, a kan harkar gine-gine, gwamnati ce ta tura shi. Da a gida ne da an kawo mini ita wanka, amma ba halin ta hau jirgi da ɗanyen jiki, shi ya sa aka ce ni in je. Biza ta ja mini rai har aka yi suna ina Kano. An yi mini takwara, suna ce wa yarinyar Ummi. Kullum na kira Rukayya tambayata ɗaya ce, wa yake yi miki wanka? Sai ta ce, "Umma, da kaina nake yi, akwai ruwan ɗumi a famfo." Ruwan ɗumi! Ni da na ga yadda ƙanwata Binta ta ƙare da ciwon baya da kumburin ƙafa, wanda mu dai a gidanmu mun ɗora shi a kan sakacin da aka yi mata da jego. Daga nan na daina barcin kirki.

Na haɗa kaya kamar mai barin gari. Surfaffen gero, kanwa, yajin jego, busasshen ganyen darbejiya cike da leda, tukunyata ta dalma, sai hita guda biyu sababbi, irin wadda ake tsomawa a bokiti ruwa ya tafasa. Mai shagon ya rantse mini ko ruwan daro ne ba ta jin tsoronsa.

Sau ɗaya na taɓa hawa jirgi, lokacin aikin Hajji, shi ma a cikin ayari, ana yi mana jagora kamar 'yan makaranta. Wannan karon ni kaɗai. A Addis Ababa aka sauke mu canjin jirgi, na tsaya a tsakiyar fili riƙe da fasfo, ban san gabas ba balle ƙofar da zan bi. Wata yarinya 'yar Edo mai suna Blessing, ita ma karatu za ta, ta dube ni ta ce, "Mama, no fear, follow me." Na bi ta kuwa kamar jela. Ita ta kai ni banɗaki, inda na yi ta laluben kan famfo ban samu ba, ashe hannu ake tarawa ya zubo da kansa. In na janye hannu in shafi fuska sai ya ɗauke. Alwalar da na yi a wajen nan Allah dai ya karɓa. A jirgi na biyu ban ci komai ba sai burodi, don ban gane abin da yake cikin kwanon ba, kuma Turancina bai wuce na asibiti ba balle in tambaya.

Da muka sauka, a wajen masu duba fasfo aka ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, na'urar ta ƙi. Na goge a mayafi na sake, ta ƙi. Lallen da na sha na tafiya ne ko tsufan yatsu ne, oho. Layi ya taru a bayana, gumi ya wanke mini fuska, na fara tunanin mayar da ni za a yi. Sai da jami'in ya riƙe yatsana ya danna da ƙarfi sannan ta yi ƙara. A wajen kwastan kuma wata mata mai hijabi ta ɗago ƙullin kanwa tana juya shi, ta kira wani, shi ma ya kira wani. Da na ga abin zai yi nisa sai na ɓalli kaɗan na lasa a gabansu, na yi alamar dama kunu. Matar ta yi dariya ta mayar mini. Darbejiya ce ba ta tsira ba, suka ce ganye ba ya shiga ƙasarsu. Hita kuwa ko kallonta ba su yi ba, alhali ita ya kamata su ƙwace.

Surukina ne ya zo tarata. Ba zan faɗi sunansa ba, Malam nake ce masa. Yana hango ni ya cire takalmi ya durƙusa a tsakiyar jama'a, kansa a ƙasa, yana "Umma, sannu da hanya." Mutane suka riƙa kewaye shi da akwatuna suna waiwaye. Na kawar da kai na amsa. A mota ya zauna gaba, ni a baya, har muka isa unguwarsu Danau Kota.

Gidan yana hawa na sha tara a wani sabon bene. Da na rungumi Rukayya na ji jikinta ba ƙwari, sai hawaye. Na ɗauki takwarata na yi mata addu'a, sannan na fara duba gidan da idon mai aiki, a nan ne hankalina ya soma tashi. Ɗaki biyu ne da falo. Na buɗe taga in sha iska, esi ya mutu da kansa, na rufe ya tashi. Babu gas, murhun wani baƙin gilashi ne shimfiɗe, na ɗora tukunyata ta dalma ya yi ta ƙara yana ƙin ta, wai sai tukunyar da ta dace da shi. Fitilar baranda in ka tsaya cak sai ta mutu, sai ka motsa take kamawa. Na murɗa famfon zafi har ƙarshe na tara hannu. Ruwan wankan jariri ne.

Rukayya ta yi mini bayani. Ta ce hukumar birnin ta tsaurara dokar gini, duk sabon bene, na kwana ne ko na kasuwanci, sai an gina shi yadda ba zai sha wuta da yawa ba, kuma ana zuwa dubawa. Ruwan zafin ma rana ce take dafa shi a tankunan da ke saman bene, an kuma ƙayyade iyakar zafinsa. Ta ce, "Umma, kin san wahalar da muka sha kafin mu samu gidan nan? Sai agent ya ce available, yana jin Nigeria sai ya kashe waya. Ina da tsohon ciki muna yawo. Wata tsohuwa 'yar China ce, Anti Lim, ta yarda ta ba mu, amma da sharaɗi. In complaint ya kai uku daga office ɗin da ke ƙasan benen, mu tashi."

Na ce Allah ya kiyaye, mu ba masu rigima ba ne. Sai na zuge jaka na fito da hita. Rukayya ta zaro ido.

"Umma, wannan fa ba a yarda da ita ba. Duk abin da ba shi da tambarinsu ba a jona shi."

"Wa zai shigo banɗakin mai jego ya gani? Ke dai tashi ki cire kaya."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, na daka mata tsawa irin wadda ta sani tun tana yarinya, ta haƙura. Ni a sanina abin da aka yi a bayan rufaffiyar ƙofa ya zama sirri. A Kano wa ya san abin da ka jona, in dai an kawo wutar?

Saura ganye. Wata 'yar Zariya da ake kira Maman Hanif, mijinta yana koyarwa a jami'a, suna zaune a Titiwangsa, ita ta ce ta san inda za a samu. Ta ɗauke ni a jirgin ƙasa zuwa Sentul, wajen Indiyawa masu sayar da furanni. Ga darbejiya nan ɗanya shar, ɗauri-ɗauri, wai su ma suna amfani da ita. Na ɗauka na shinshina, kamar na ga ɗan'uwa. Maman Hanif ta ce, "Hajiya, mu je mu makan tukuna," wato mu ci abinci. Ta kai ni wani shagon da suke kira mamak, aka kawo shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da ƙananan kifi da gyaɗa da wata jar miya. Na kai loma na ji sukari a miya, na rasa yadda zan yi da bakina. Shayinsu dai ba laifi, mai haɗawar yana ɗaga kofi sama yana tsiyayawa kamar mai shayin bakin tasha. A nan ta yi ta yi mini ƙorafin dokar ginin. Ta ce, "Ni fa I don't like it, gida kamar asibiti, komai da rule. Amma Abban Hanif ya ce namu tsohon gini ne, sanyin esi ta taga yake gudu, wutar kawai muke sha. Wai da za a yi irin wannan a gida da an huta." Na tuna ɗakina na Kano mai rufin kwano, wanda in rana ta take ko kaza ba ta zama a ciki, da ɗakin kakata na azara da ba ya buƙatar ko mafici. Na ce to, su dai suka sani.

Muka shiga wanka safe da yamma. Hita ɗaya a bokiti, ɗaya a babbar roba, sai ruwa ya yi ta ɓararraka, in tsoma ganye in fyaɗa mata har banɗakin ya turnuƙe. Tana kuka ina cewa daure, haka aka yi mini. Kunun kanwa kuwa a butar lantarki nake tafasa ruwansa tunda murhu ya ƙi tukunyata. Cikin 'yan kwanaki na ga jikinta ya fara komawa, raina ya yi sanyi.

Zama da suruki a gida mai ɗaki biyu ba ƙaramin aiki ba ne. In zan fito sai na yi gyaran murya, in zai wuce sai ya yi sallama ya jira in shige. Ba ya cin abinci in ina falo. Duk da haka na lura da wasu abubuwa da ba su yi mini daɗi ba. Sati bai cika ba ya daina kunna esin falo, inda yake kwana tunda ya bar mana ɗaki, ga garin da zafi mai danƙo, ko wanka ka yi kana fitowa ka jiƙe. Ya daina guga, yana fita da riga a yamutse. Injin wanki yana nan amma sai ya durƙusa yana wanki da hannu. Girki ma ya ce a bari, kullum sai ya shigo da leda ya miƙa wa Rukayya ya ce ya yi tapau, wato ya sayo a ƙunshe. Har firji na taɓa tararwa a kashe. Akwai kuma wani ɗan akwati a bango kusa da ƙofa, wanda ranar da na zo na ga yana ba da koren haske, na ɗauka agogo ne. Sai ya rataya hularsa a kai, hular ba ta ƙara sauka ba.

Ni kuwa na yanke hukunci, rowa ce. Na ce wa Rukayya, "Ashe haka mijin naki yake? Don na zo shi ne ake kashe firji? Ko so yake in gane na yi masa nauyi?" Ta fashe da kuka ta ce ba haka ba ne. Na ce to yaya ne? Ta ce ba komai. Na bar ta, amma abin ya tsaya mini a rai, har gaisuwarsa na koma amsawa a daƙile.

Ranar da abin ya fashe da safe ne, Malam ya riga ya tafi makaranta. An yi ruwan sama, na ga garin da ɗan sanyi-sanyi, na ce yau ruwan sai ya fi na kullum. Na jona hita biyu, na ƙara da buta. Rukayya tana zaune a kan kujerar wanka, ɗaure da zani. Sai na ji ɗas, wuta ta ɗauke, wari ya tashi daga soket, bangon wajen ya yi baƙi. Kafin in ce wani abu wata ƙara ta cika benen, irin mai shiga har cikin haƙori. Ummi ta tsala kuka. Na ji ana buɗe ƙofofi a baranda ana magana da yaren da ban sani ba. Ni kuwa ina ta Innalillahi.

Aka ƙwanƙwasa. Rukayya ta zura hijabi ta buɗe. Manajar ginin ce, wata 'yar asalin ƙasar mai suna Puwan Aida, da maza biyu masu rataye da kati a wuya. Ashe ranar ce jami'an birni suka zo duba benen, suna ofis ƙarar ta tashi. Suka leƙa banɗaki, ga hita tsome a bokiti, ga ganye yana yawo a ruwa, ga gero jiƙe a roba a kicin. Puwan Aida ta sa hannu ta cire hular Malam daga kan akwatin nan. Hasken ya koma ja wur, yana ƙiftawa, ashe ma'aunin wutar da muke sha ne. Ta yi magana mai tsawo, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Suka ɗauki hotuna suka fita.

Na ce, "Me ta ce?"

Rukayya ta zauna a ƙasa. "Ta ce wannan ne na uku. Gobe za a kira Anti Lim."

"Na uku? Yaushe aka yi na ɗaya da na biyu?"

"Umma, duk abin da aka jona a gidan nan suna gani a ƙasa. Tun satin farko suka kira shi, suka sake kiransa. Sorry kawai yake ce musu. Shi ne yake kashe komai, wai ko lissafin zai sauko a bar ki ki gama."

"To me ya hana shi gaya mini?"

"Ta yaya, Umma? Ya tsaya a gabanki ya ce ki rage wa matarsa ruwan wanka? Ni ma ya hana ni. Ya ce kin bar gidanki kin taho saboda mu."

Su ma a ofis bai iya gaya musu dalili ba. Namiji ya zauna gaban baƙin mutane yana kwatanta yadda surukarsa take yi wa matarsa wanka? Shi ya sa suka ɗauka abincin sayarwa muke dafawa a ɓoye, ko wankau muke yi, ga ganye da gero sun ƙara tabbatar musu.

Wunin nan ban iya sa komai a bakina ba. Ina kallon Ummi ina tunanin ina za a nufa da ita, wace ƙofa za a ƙwanƙwasa da ba za a rufe ba in an ji sunan ƙasarmu. Da la'asar Malam ya dawo. An riga an kira shi a waya, ya san komai. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum ya ce, "Umma, an wuni lafiya? An ce wuta ta ɗauke muku, a yi haƙuri." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini.

Washegari na ce da ni za a je ofis. Rukayya ta ce Malam ya ce in zauna, na ce ki gaya masa na riga na sa mayafi. Na zuba hita biyun a leda. A lifta shi ya fuskanci wannan bango, ni na fuskanci wancan.

Anti Lim 'yar ƙaramar tsohuwa ce, gashinta fari fat, jakarta a kan cinya. Puwan Aida ta juyo mata da allon kwamfuta tana nuna wasu layuka masu hawa kamar tsauni, biyu a kowace rana. Ban ji abin da suke cewa ba sai tsinto-tsinto, na ji restoran, na ji wan mont, wato wata ɗaya. Malam yana tsaye, hannu a baya, ba abin da yake fita daga bakinsa sai sorry. Tsohuwar ta girgiza kai, ta rataya jakarta a kafaɗa, ta dafa tebur za ta miƙe.

A nan na juya na dubi fuskarsa. Tun da ya auri 'yata ban taɓa yi masa kallon tsaf ba sai ranar. Idonsa ya faɗa, wuyansa duk ƙurajen zafi.

Na ce, "Malam, ka fassara musu abin da zan faɗa. Kada ka rage ko kalma ɗaya."

Ya ce, "Umma..."

"Na ce ka fassara."

Na faɗa musu komai. Na ce ni ce mai laifin, ba shi ba, kuma ba abincin sayarwa muke yi ba. Na ce a ƙasarmu in mace ta haihu uwarta tana tafasa ruwa da ganye ta yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in, don jikinta ya haɗe, sanyi kada ya shige ta. Na faɗi yadda ake fyaɗa ganyen, da inda ake gasawa, da yadda ake zaunar da ita a cikin ruwan. Yana mayarwa da Turanci, idonsa a kan yatsun ƙafarsa. Da na zo wajen zama a ruwa ya tsaya cak. Na ce, "Faɗa." Ya faɗa. Ni ma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, amma na ga tsohuwar ta koma ta zauna.

Puwan Aida ta bugi tebur ta ce, "Pantang! Why you never say, lah?" Ashe su ma suna da nasu jegon, pantang suke ce masa, har ya fi namu da 'yan kwanaki, da ganye da ɗaurin ciki da dutse mai zafi da ake gasa mara da shi. Anti Lim kuwa dariya ta yi har da tari, ta ce ita da ta haihu uwarta hana ta taɓa ruwa ta yi wata guda cur, ko kanta ba ta wanke ba. Na buɗe baki zan ce wannan ai ƙazanta ce, Allah ya taimake ni na haɗiye.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Puwan Aida ta daina murmushi. Ta ce ta fahimta, amma doka ba ta san jego ba. Jami'an birni sun gani da idonsu, an ja wa ginin kunne, in aka sake samun irin wannan duk mazauna benen abin zai shafa, ba mu kaɗai ba. Ba ta da ikon ba da izinin hita ko na wuni ɗaya. Anti Lim ta tambayi kwana nawa ya rage, na ce kusan rabi. Ta murza hannun jakarta. Can ta yi magana, Malam ya juyo, wannan karon shi ma ni yake kallo.

"Umma, wai za a iya ƙarasawa ba da wannan abin ba? In za a iya, ta ce mu zauna. In ba za a iya ba, ba ta ga laifinki ba, amma sai dai mu nemi wani wurin."

Duk suka zuba mini ido. Binta ta faɗo mini a rai, yadda take dafa bango kafin ta miƙe. Ni na yarda da ruwan nan, ban daina yarda da shi ba don na ga allon kwamfuta. Uwata ta yi mini, tata ta yi mata, kuma ban san abin da zai samu Rukayya ba in na tsaya a rabi. Amma na san abin da zai same ta in aka fito mata da akwati bakin titi da jaririya a hannu. Na tura ledar hita zuwa gaban Puwan Aida. Akwai kalma ɗaya da na koya a garin, wadda suke faɗa in abu zai yiwu.

Na ce, "Boleh."

Da yamma na murɗa famfo har ƙarshe na tara a roba. Na sa gwiwar hannu na ji, ɗumi ne kawai, ko tururin kirki babu. Na jefa ganye na fara yi mata, hawaye na zubo mini, na bar su suka bi ruwan. Rukayya ta ce, "Umma, ya isa kuwa?" Na ce ya isa. Ban yarda da abin da na faɗa ba, ita ma ta sani.

Da na fito zubar da ganye na ji falon da sanyi. An kunna esi. Malam yana kwance a ƙasa a kan dadduma, ko safa bai cire ba, bakinsa a buɗe yana minshari, rana ba ta ma faɗi ba. A gida suruka ba ta tsayawa a kan suruki yana barci. Na tsaya na daɗe ina kallonsa, sannan na koma ɗaki na ɗauke Ummi na goya ta don kada kukanta ya tashe shi.

Haka muka ƙarasa arba'in, da ruwan ɗumi da wani dutse da Puwan Aida ta aiko mana da shi a naɗe cikin tsumma, ana ɗumama shi a murhun gilashi. Na dawo ta hanyar da na bi, ba abin da ya faru sai akwatina da ya kwana a Addis Ababa. Yanzu duk sanda na kira, kafin in tambayi takwarata sai na ce, Rukayya, yaya bayanki, ƙafarki fa? Ta ce lafiya lau, Umma. Ban sani ba ko gaskiya take faɗa ko kwantar mini da hankali take yi, kuma irin wannan ciwon ba ya nunawa sai an ƙara haihuwa an manyanta. Wataƙila sai bayan raina za a san ko na yi daidai. Gidan dai suna ciki har yau.